Ɗan masunci da kiwon tarwaɗa a tamfol: in ci gaba ko in haƙura?

Ɗan Kabi (Argungu) ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai ba ni ya daure ya karanta har ƙarshe, don maganar ba ta kifi kaɗai ba ce.

Ni mutumin Argungu ne, gidanmu gidan su ne. Mahaifina masunci ne, nasa mahaifin ma haka. Homarsa da gorarsa suna rataye a zaure, kuma har yau in ruwa ya fara janyewa daga fadama, kafin a kira assalatu ya fita. Ni ne na farko a ɗakinmu da ya wuce sakandare. Na yi NCE, na yi ta yawo da takardu har suka yi laushi a jaka, aiki bai samu ba. Yanzu ina tsaron shagon POS na wani abokin yayana, ina tara ɗan abin da ke shigowa.

Abin da ya kai ni ga kiwon kifi kuwa, ido ne. Ina yaro, kwandon da Baba ke dawowa da shi sai mu biyu mun kama. Ga tarwaɗa, ga karfasa, ga ƙurungu, wata rana har da ɗan giwan ruwa. Yanzu sai an yi sa'a ake samun na miya da na sayarwa a rana guda. Masu jefa birgi sun yi yawa, raga mai ƙananan ido na kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba, fadama kuma duk ta koma shinkafa da injinan ban-ruwa. In kuma ka shiga Birnin Kebbi da dare ka duba wayar masu gasa kifi, tarwaɗar kiwo ce jere a kai. Sai na ce a raina, mu da muka gaji kifi, me ya hana mu shiga wannan?

Na sa kafinta ya haɗa mini kwami biyu na katako da tamfol a bayan gida, kusa da rijiya. Cikin Disamba na sayo 'ya'yan tarwaɗa 600, masu tsawon yatsa. Da farko abin gwanin sha'awa. Ina watsa abinci sai ruwan ya ɗauki tafasa, har yaran maƙwabta na leƙowa ta katanga. Da Janairu ta shigo, hunturu ya kankama, sai na ga sun rage rububin abinci. Ni dai ban rage musu komai ba, safe, rana, yamma, yadda mai sayarwa ya ce. Ruwan ya yi duhu, ya fara kumfa a gefe, wari na tashi. Wata safiya na tarar da su a tsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a waje, ba motsi. Daga nan kullum sai na kwashe matattu da kwano. Fiye da rabi suka tafi. Waɗanda suka rage kuma, wasu sun yi ƙato-ƙato, wasu suna nan kamar jiya aka zuba su, kuma ina lura suna raguwa alhali ba na ganin gawa.

Ranar da mutuwar ta fi yawa ne Baba ya zagayo, karo na farko tun da na kafa kwamin. Ya tsaya, hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Sai ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsu cikin ruwan, ya kai hanci, ya goge a jikin rigarsa. Ya ce: "Tun kaka da kakanni kihi ka ci da mu. Yau kai za ka ci da kihi?" Bai jira amsa ba, ya wuce masallaci.

Tun daga ranar magana ta fita. A majalisarmu sunana ya koma Sarkin Ruwan Tamfol, in na doso sai wani ya miƙe ya fara kirari. Baffana ya ce boko ne ya juya mini kai, in sayar da tarkacen in cika kuɗi in sayi babur in yi kabu-kabu, ko ba komai da yamma zan ƙirga wani abu a hannu. Yarinyar da nake nema, an ce mahaifinta ya tambayi sana'ata, da aka faɗa masa sai ya ce a bari tukuna a ga kamun ludayina. Inna ce kaɗai ba ta ce komai ba, sai dai na tarar ta ɗaure awakinta nesa da kwamin ba tare da na roƙa ba.

Dariyar majalisa ba ta hana ni barci. Mu ma mun yi wa wasu. Maganar Baba ce ta tsaya mini a ƙirji, don ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma a duk unguwarmu ba wanda ya fi shi sanin kifi. In wanda bai san ruwa ba ya ce ba zan iya ba, sai in toshe kunne. To in wanda ya tsufa a ruwa ne fa? Ta yaya mutum ke gane cewa wannan maganar sare gwiwa ce kawai, wannan kuma gaskiya ce da ba ya son ji?

Yanzu Fabrairu na ƙarewa, ina da ragowar kifin da ɗan abin da na ajiye. Zuciyata na gaya mini zan iya abin nan, har mafarkinsa nake. Amma zuciya ta sha yaudarar waɗanda suka fi ni. In ƙara zubi, ko in bi maganar Baffa?


Mai Tarwaɗa (Birnin Kebbi) ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah Ya mayar da alheri. Ni maganar kwami zan yi maka, maganar mutane na bar wa manya. Na daɗe a sana'ar nan, kuma yadda ka kwatanta mutuwar kifinka, ko ban gani ba na san abin da ya faru. Ba baki ba ne, ba sammu ba ne. Sanyi ne da abinci.

Tarwaɗa kifin ɗumi ce. Tana ci sosai in ruwa na tsakanin digiri 26 zuwa 30. Cikin hunturu kuwa, ruwan tamfol da ya kwana a fili yakan huce ƙwarai kafin asuba, don tamfol ba ya riƙe ɗumi kamar ramin ƙasa. Sai kifin ya rage ci. Kai kuma kana zuba masa yadda ka saba. Abin da bai ci ba ya nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashinsa, ruwan ya cika da amoniya. Warin da ka ji da kumfar da ka gani ke nan. Tsayuwar da suka yi kai sama kuwa, kifin da ruwa ya gallaba ne. Da a ranar ka zubar da rabin ruwan, ka sa sabo, ka hana su abinci kwana biyu, da yawa sun tsira. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa, ruɓaɓɓen ruwa ke kashe ta.

Raguwar da kake gani ba gawa, cikin 'yan'uwansu suke tafiya. Tarwaɗa na cin junanta. A kowane zubi akwai waɗanda ke zarce sauran da girma, in ba ka ware su ba, abincin da ka saya da tsada ƙananan za su ci, su kuma manyan su haɗiye ƙananan. A wata biyu na farko, duk mako biyu ake tacewa, a raba manya daban, ƙanana daban. Ƙwayar abincin ma tana tafiya da bakin kifi: milimita 2, sai 3, sai 4, har 6.

Ka daina awo da kwano. Ka tsaya a bakin kwamin ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan, da ka ga rububin ya lafa ka ɗauke hannu. Ruwa kuma ka riƙa rage shi ta bututun ƙasa, don can dattin yake kwanciya. Ga bazara nan tafe, matsalarka za ta juye. Zafin Afrilu a Kebbi ya wuce digiri 40, tamfol a rana sai ya kusa dafa su. Ka yi rumfa da zana tun yanzu. Kuma don Allah kada wani ya sa ka fasa kafso na mutane ka zuba a ruwa, ana yi, kuma ɓarna ce.

Sai babbar magana. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwaɗa. Da abinci mai kyau, kilo ɗaya na kifi yakan ci kilo ɗaya da ɗan ɗori. Buhu kilo 15 ne. Ka ga kifi 600, in kana son kowanne ya kai kilo, kana maganar buhu 40 ko fiye. Ranar da ka sayo su, kana da kuɗin buhu 40? In babu, to ko hunturu bai taɓa su ba, da a wata na uku za ka tsaya. Ana fara lissafi daga abinci ne, sannan a sayi kifin da abincin zai iya kaiwa.

Kusan duk wanda na sani a harkar nan ya binne kifi a zubinsa na farko. Sana'ar kuma ba wasa ba ce, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗar. In ka samu hali ka leƙa New Bussa a jihar Neja, can cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take, da kwalejin koyar da harkar kifi. In kuma ka shigo Birnin Kebbi, ka nemi duk mai kwami ka yini da shi kana kallon hannunsa.


Ɗan Gusau ya rubuta:

Malam kada ka saurari kowa! Hassada ce kawai. Duk wanda ka ga ya zama wani abu sai da aka yi masa dariya. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ka ƙara zubi, wannan karon ka zuba 2,000 ma, su mutu da haushi. Muna tare da kai.


Ɗan Kasuwar Jega ya rubuta:

Ɗan Gusau, uban da ya haife shi ne mahassacin? Ka iya bakinka. Kuma mutumin da bai iya ciyar da 600 ba kake cewa ya zuba 2,000, in sun mutu kai za ka biya?

Ɗan Kabi, ni ba zan ce ka bari ba, ba kuma zan ce ka ci gaba ba. Na ga ka yi dogon bayani a kan yadda ka zuba kifi da yadda ya mutu, amma ko layi ɗaya ban ga inda ka ce wa zai saya ba. A ce duk 600 ɗin sun rayu sun kai kilo-kilo. Ina za ka kai su? Mutanen Argungu bakinsu ya san kifin gulbi, za su ce maka na kiwo kitse ne da shi, ba ya da ɗanɗano. Mai sari zai zo da sikelinsa ranar da ya san abincinka ya ƙare, ya yanka maka farashi, kai kuma ba ka da zaɓi, don kifi ba hatsi ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira kasuwa ta tashi. Kullum ya kwana sai ya ci.

Mun ga irin wannan a shinkafa. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, kowa ya zama manomi, har wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Waɗanda suka san fadama sun samu, wasu sun gina gidaje, wasu sun je Makka. Waɗanda suka shiga don sun ga ana shiga, bashi suka kwasa. Ambaliyar 2020 kuma ta zo ta shafe gonakin mai himma da na rago, ba ta tambayi wanda aka yi wa dariya ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk sana'ar da ke jan ruwa da inji sai ta sake lissafi. Kai ka yi sa'a rijiya na kusa, amma guga nawa za ka ja in kifin ya girma?

Ga abin da zan yi in ni ne. Ba zan bar shagon POS ba, shi ke ciyar da kwamin. Zan sayi littafi in riƙa rubuta ko sisin kwabo: abinci, gishiri, kuɗin mota, kifin da ya mutu, har wanda aka kai wa Inna ta yi miya. Zan ba kaina zubi biyu nan gaba, ƙanana. In littafi ya nuna riba, ko ta buhu ɗaya ce, zan faɗaɗa. In bai nuna ba, zan naɗe tamfol ba tare da jin kunyar kowa ba. Abin da nake jiye maka shi ne ka ci gaba don kawai kada majalisa ta ce ta yi gaskiya. Na san mutane a kasuwar nan da suka ƙarar da gado saboda wannan.

Maganar Baffanka ta babur ma ba hauka ba ce, kada ka raina ta. Sai dai shi yau yake dubawa.


Mai Banda (Yauri) ta rubuta:

Ɗana, sannu da jarrabawa. Na karanta har inda ka ce Innarka ta matsar da awaki, na ce wannan uwa ta gama magana.

Ni lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara, na ce zan fara bandar kifi in riƙa aikawa kasuwa. Dangin miji suka ce ba a taɓa yi a gidansu ba, in zauna za su riƙa kawo hatsi. Hatsin ya zo wata biyu ya ɗauke ƙafa. Da rabin durom na fara, a bayan ɗaki, hayaƙi na cin idona, facalolina na toshe hanci in na wuce. Yau 'ya'yansu ne ke zuwa wanke mini kifi ina biyansu. Ban taɓa tuna musu ba, kuma ba zan tuna ba.

Abin da ya taimake ni, na daina faɗin abin da zan yi. Kai ma ka rage kai labarin kwami majalisa. In sun yi kirarin Sarkin Ruwa ka ɗaga hannu ka amsa, ku yi dariya tare, in suka ga ba ya yi maka zafi za su gaji. Mahaifin yarinya kuma bai yi laifi ba, kowa zai tambaya. Kada ka aika masa da bayani, ka bari sai kana da abin nunawa.

Ga amsar tambayar Alhaji na Jega. Banda ita ce maganin mai sikeli. Nan Yauri kifi banda ake ɗurawa a kwali ana lodi zuwa Kudu, kuma masu saye ba manya suke nema ba, matsakaita suke so, uku ko huɗu a kilo. Ka ga ba sai ka ciyar da su wata shida ba. Waɗanda ke hannunka yanzu ma sun kusa isa. Ka hana su abinci kwana guda kafin ka kwashe, cikinsu ya zama wayam. Ka zuba gishiri ka murje yauƙin, ka cire kayan ciki, ka lanƙwasa. Na kiwo ya fi na gulbi mai, don haka wuta a hankali, in ka matsa masa sai ya ƙone a waje ciki ɗanye, bayan kwana uku ya yi tsutsa. In ya bushe ƙayau, kai ke da ranar sayarwa.

Kuma matan gidan masunta ai ba a koya musu banda. Ka tambayi Innarka.


Tsohon Malami (Argungu) ya rubuta:

Ɗana, ni ɗan garinku ne, kuma na koyar da 'ya'yan masunta da yawa kafin in yi ritaya. Ban san mahaifinka ba, amma na san irinsa.

Ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka. Mutum ya naɗe riga, ya tsoma hannu, ya shinshina. Wanda ya zo yin dariya ba ya shinshina ruwa. Abin da Mai Tarwaɗa ya yi maka dogon bayani a kai, hancin mahaifinka ya gaya masa tun a ranar. Bai faɗa maka ba don ba ka tambaye shi ba. Ka kafa kwami a bayan gidansa, ka ɗauko ilmin kifi daga waya da bakin mai sayarwa, shi yana zaune a zaure. Ka sa kanka a matsayinsa. Sana'ar da ya gada tana ƙanƙancewa a gabansa, ɗan da ya kai makaranta kuma ya dawo yana nuna masa, ko da ba da baki ba, cewa zamanin homa ya wuce.

Kuma ba laifinsu ba ne da kifi ya ragu. Mu da muka girma kafin a gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984 mun san yadda ruwa ke malala a fadamar nan ya daɗe. A cikin wannan malalar kifi ke hayayyafa, 'ya'yansa su yi ƙiba a cikin ciyawa kafin su koma gulbi. Da aka tare ruwa a sama, malalar ta canza, kamu ya canza. Dattawan masunta sun ga wannan da idonsu, shi ya sa duk wani sabon abu da aka ce na ci gaba ne a harkar ruwa suke yi masa kallon tsanaki.

In kana neman hujjar da za ta shiga kunnensa, ba sai ka je intanet ba. Ka dubi Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu. Me ya sa ake fitar da manyan kifaye a wurin ranar biki, har duniya ke zuwa kallo tun daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara? Don an hana kamun kifi a wurin ne sauran shekara, Sarkin Ruwa na tsare da shi, ana barin kifi ya girma. Kabawa sun daɗe da sanin cewa kifi na bukatar a tsare masa wuri a ba shi lokaci. Kai abinci kawai ka ƙara.

Amma ni ban ba ka shawarar ka je masa da hujja ba ma. Uba ba ya son ɗansa ya kayar da shi a magana, ko da gaskiyar ɗan ce. Ka je masa da tambaya. Bayan sallar isha'i, in ya zauna shi kaɗai, ka durƙusa ka ce, Baba, ruwan nan ya fi ƙarfina, a duba mini. Kada ka nemi ya ce ya yarda. Mai yiwuwa ba zai taɓa faɗa da baki ba.


Ɗan Kabi (Argungu) ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ɗan Gusau, na gode da ƙauna, amma 2,000 sai dai in kai za ka aiko da abincin.

Baba Malam, na yi yadda ka ce. Da na gama magana ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, sai ya ce in tafi in kwanta. Washegari bai ce komai ba. A rana ta uku da la'asar na dawo daga shago na tarar da shi a bayan gida, ya sa ƙanena ya ɗebo tsohuwar zana sun rufe rabin kowane kwami. Ya fara da faɗa. Ya ce wane mahaukaci ke ajiye tarwaɗa a fili tana kallon sama, kifin da ko a gulbi sai ka bi shi ƙarƙashin ciyawa da kogon gaɓa. Ya ce ba ta son haske, da marece take kiwo, in daina damunta da sassafe. Ya sa na rage ruwan a gabansa, ya ɗebi na ƙasan a tafin hannu ya miƙo mini, ya ce in shinshina in riƙe warin a kaina, duk ranar da na ji ko kaɗan daga cikinsa kada in jira gobe.

Sai ya kawo wata magana da ban taɓa tunani ba, kuma ita ce amsar Alhaji na Jega. Ya ce wautar da ta fi kashe kifin ita ce lokacin da na zaɓa. Na zuba a Disamba, ke nan zan fitar a lokacin da ruwa ya janye, kifin gulbi ya cika kasuwa, wa zai kalli nawa? Ya ce in da hankali, a fitar cikin Agusta, sa'ad da gulbi ya cika ya batse, masunta na dawowa da kwando wayam, mata na neman na miya ido rufe. Ke nan zubi a Afrilu.

Kada ku ɗauka ya sauko. Har yanzu "kihin leda" yake ce musu, kuma jiya a gaban Baffa ya ce shi ba zai sa shi a baki ba. Baffa kuma yana nan kan maganar babur. Ni dai na sayi littafi. Waɗanda suka rage zan bandace su kafin rashin kuɗi ya kai ni bango, Inna ta ce a bar mata wutar. Abin da ya fito, da wanda na ajiye, zan fara sayen abinci in jibge, sannan in ga kifi nawa zai ɗauka. A lissafina ba zai wuce 250 ba.

Yaya Mai Tarwaɗa, tambaya ɗaya. Kwamina biyu ne kuma duka akwai kifi. Yaya zan yi tacewar ba tare da na uku ba?


Mai Tarwaɗa (Birnin Kebbi) ya rubuta:

Ba ka bukatar na uku. Ka ari manyan bahon roba biyu ko uku. Kada ka ba su abinci daren da za ka yi. Da safe kafin rana ta yi zafi ka rage ruwan kwami ɗaya, ka kwashe kifin cikin baho da ɗan ruwa, ka wanke kwamin tas ba sabulu, ka zuba sabo. Haka na biyun. Manya a ɗaya, ƙanana a ɗaya. In akwai wasu 'yan ƙatta da suka fi kowa, kada ka mayar da su, ka ba Inna ta gwada wutarta da su. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa su, ka yi hattara da ƙayar gefen, kuma kada su daɗe a baho. Ka ɗan barbaɗa gishiri a ruwan bayan ka gama, abinci sai washegari da yamma.

Maganar Agusta da Baba ya kawo, ni kaina zan duba ta a nawa lissafin. Kana tacewa kana ƙirgawa, ka rubuta adadin kowane kwami a littafin, ka turo mana mu ga nawa suka rage.